Tambaya da Amsa: Wai "too" da "very" ba ɗaya ba ne?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce a nan Sakkwato ina shirin WAEC, na rubuta "My mother is too generous" sai malaminmu ya ja mini jan biro alhali ni yabon mahaifiyata nake wallahi. Su quite da rather da pretty ma duk rikita ni suke.
Ɗalibarku daga Mabera

AMSA: Yawwa 'yata, malaminki na da gaskiya, kuma ba ke kaɗai ba ce, har masu digiri ina jin suna wannan kuskuren kuma yana damuna. Very shi ne sosai ko ƙwarai. Too kuwa abu ya wuce kima ne har ya zama matsala, kamar gishiri ya yi yawa a miya. Kin dai san zafin garin nan a watan Afrilu idan ya haura digiri 40, to in kin ce "very hot" akwai zafi sosai amma za ki iya daurewa ki je kasuwa, in kin ce "too hot to go out" zafin ya hana fita ke nan. Saboda haka abin da kika rubuta yana nufin kyautar Mama ta yi yawa har tana cutar da ita. "Very generous" kike so.

Quite shi ne mai wuyar sha'ani. Baturen Ingila in ya ce aikinki "quite good" galibi ba laifi yake nufi, dama-dama, amma a bakin mutumin Amurka ya fi kusa da very. Sannan in ya haɗu da kalma irin right ko impossible sai ya koma gaba ɗaya, "quite right" daidai ne ɗari bisa ɗari.

Fairly daidai gwargwado ne. Rather ya ɗan fi shi ƙarfi kuma sau da yawa da ɗan ƙorafi a ciki, "rather expensive", abin ya ɗan yi tsada fa.

Pretty a nan ba kyau yake nufi ba, "pretty good" na hira ne, shi da really da so, ki bar su a WhatsApp da wasiƙa zuwa ga ƙawa. In kuwa tambayar ta ce ki rubuta wa shugaban makaranta ko wasiƙar neman aiki, ki ɗauki very ko extremely, ko highly a irin "highly qualified". Kar dai ki ce "very excellent", excellent ya riga ya kai ƙarshe, absolutely ne ke tafiya da shi. Allah ya ba da sa'a, ki gai da Mama.