Tambaya da Amsa: Jaridar da na tsinta cikin akwatin Baba, ta wa ce?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina gyaran ɗakin mahaifina, Allah ya jiƙan shi, sai na iske wata ƴar jarida ta Hausa cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin takardun gona, shafi huɗu ce, duk ta yi ja, gara ta ci gefen da sunan yake, shekarar kawai ta rage, 1978. Labarin kuɗin gyaɗa ne a ciki da yadda ake ajiyar iri. Kawuna ya ce ta gwamnati ce, ni kuma na ce ta wani Alhajin garin nan ce, har mun yi gardama. Wa ke da gaskiya?
Daga wani ɗalibi, unguwar Bagalam, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya gafarta wa Baba. Ka je ka ba kawunka haƙuri, shi ya ci. A 1978 Seyni Kountché ke mulki, kuma lokacin ba wani Alhaji, komai yawan motocinsa, da zai tashi ya buɗe jarida don kansa. Babbar jaridar ƙasa Le Sahel ce, wadda ta gaji Le Temps du Niger a 1974, da Faransanci kuma daga Yamai take zuwa. Irin taka ɗin nan aikin ma'aikatar yaƙi da jahilci ne, su ke buga ƙananan jaridu da harsunan gida don manoman da suka koyi boko da girma kar karatun ya zube musu, shi ya sa ka ga zancen gyaɗa da iri ba siyasa ba. Duba haruffan da kyau, in ka ga irin na tafireta ne, tawada ta yi kauri nan ta dushe can, to injin nan ne da ake juyawa da hannu.

Jaridar mutum ɗaya sai a 1990 zamanin Ali Saibou, da Ibrahim Cheick Diop ya fito da Haske, suna dai na Hausa amma ciki Faransanci, abin da har yau yake ɗan ba ni haushi. A 1991, shekarar babban taron ƙasa, Maman Abou ya kafa Le Républicain. Daga nan suka yi ta fitowa kamar ciyawar damina, kusan duka a Yamai. Wajen Yamai wanda ya burge ni shi ne Ibrahim Manzo Diallo, malamin lakwal da ya kafa Aïr Info a Agadas a 2002.

Mu Maraɗi kuwa, garin kasuwa, kuɗi akwai su, amma Alhazanmu siminti da shinkafa da tireloli suka sani, ba su ga riba cikin takardar da mutum ɗaya zai saya goma su karanta a rumfar mai shayi ba, gobe kuma mai tsire ya naɗe nama da ita, ga rediyo irin su Anfani sun zo suna ba mutane labari da Hausa kyauta.

Takardar taka kar ka manna mata salatif, yana cin rubutu. Ka ɗauke ta hoto shafi-shafi, ka sa ta cikin ambulan, nesa da danshi. Hoton kuma ka turo mana, ina son in ga nawa aka sayi buhun gyaɗa a shekarar.