Zauren Ɗinki: Ragowar Yadi da Kyautar Sallah

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da shan ruwa. Azumi ya raba tsakiya, teloli sun daina barci, kuma saƙonnin da suka zo mini wannan makon kusan duk a kan ƙyallaye suke. Ga huɗu daga ciki.

"Anti, ni amarya ce, wannan ce Sallata ta farko a gidan miji. Da aka ɗinka mini kayan lefe, tela ya dawo mini da leda cike da ƙyallayen atamfa da shadda da leshi. Ina so in yi wa surukata da yaran gidan 'yar kyauta, amma ba ni da kuɗin shiga Kwari. Ina da keke, na iya ɗinki miƙe. Tsorona kada a ce amarya ta kawo tsumma." Daga wata amarya, Gwammaja.

'Yata, Allah ya ba da zaman lafiya. Telan nan naki ki riƙe shi da kyau, mai amana ne. Batun tsumma kuwa, abin da ke jawo wannan gorin shi ne a haɗa ƙyalle ba wanki, ba guga, a bar bakin zare yana reto. In kin kiyaye waɗannan, babu mai raina miki aiki. Kuma ki tuna dangin mijinki su suka kawo lefen, za su gane kowace atamfa da ido ɗaya. Kada wannan ya ba ki kunya. Ni a ganina shi ne ma daɗin kyautar, don za su ga ko tafin hannu ɗaya na kayansu ba ki wulaƙanta ba.

Ki juye ledar a tabarma ki ware: atamfa gefe, shadda gefe, leshi gefe. Kada ki haɗa auduga da mai roba a abu guda, domin a wanki ɗaya tana shiga ɗaya ba ta shiga, sai ɗinkin ya tattare. Idan kina shakka, ki yanki ɗan silli ki riƙe da bakin almakashi ki kai masa ashana. Auduga tana ci ta bar toka mai laushi, mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Sannan ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a kan kowane ja da shuɗi. Wanda ya bar launi yana zuba, ki wanke shi shi kaɗai. Sauran ki wanke su sitatin kamfani ya fita, su bushe a inuwa, ki goge.

Hajiya surukarki ki yi mata jakar Alƙur'ani da shaddar da ta fi girma. Ki sa ƙanwar maigidanki ta auno miki Alƙur'anin Hajiyar da tef ba tare da ta sani ba, tsawo da faɗi da kauri, ki ƙara inci ɗaya a kowane gefe. Ki yi mata shafi a ciki da farin yadi, ki sa marfi mai faɗowa irin na gafaka da maɓalli guda. Atamfa mai zanen tsuntsu ko kifi kada ta zo nan.

Idan atamfar tana da yawa, ga rigar matashin kujera. Ki yanki kwali mai kusurwa huɗu, inci 5 kowane gefe, ki riƙa ɗora shi kina zagayewa da alli, kina bin tsayin zaren yadin, don in kin yanka a karkace zai miƙe a ƙarƙashin allura. Guda 16 kike buƙata, huɗu a jere sau huɗu. Kowane haɗi ki ci kwatan inci, sai fuskar ta tashi inci 18 daidai matashi. Kafin ki hau keke ki jera su a ƙasa, mai duhu kusa da mai haske, ki koma bakin ƙofa ki kalla daga nesa. Duk inda ido ya tsaya cak, to launi biyu masu ƙarfi sun haɗu, ki raba su. Ki haɗa jere-jere, kuma duk jeren da kika gama ki goge shi kafin ki ɗora na gaba. Nan ne yawancin masu koyo ke yin gaggawa, nan ne kuma kusurwoyi ke ƙin haɗuwa. In babu wuta, dutsen gawayi ya isa, ki dai shimfiɗa wani ƙyalle a kai saboda toka. Bayan rigar ba sai da zif ba: ƙyalle biyu masu hawa kan juna da inci 4, a zura matashi ta tsakiya.

Yara kuma 'yar jaka mai zuge-zuge. Ƙyalle inci 6 da inci 14, ki ninka biyu, ki ɗinke gefuna, ki naɗe baki ki bar hanyar igiya. Ki yi igiyar da tsawo yadda za a rataya a kafaɗa, don yaron da zai kutsa cikin cunkoson Ƙofar Kudu kallon Hawan Daushe yana buƙatar inda zai sa kuɗin barka da Sallarsa. Ki jefa dabino ko alewa a ciki kafin ki miƙa.

"Hajiya, ina koyon ɗinki a wani shago a Fagge. Duk mako muna tara buhun ƙyallaye, wani lokaci a ƙona, wani lokaci a zubar. Ko ya halatta in ɗiba in ɗinka abin sayarwa?" Daga wani matashi, Fagge.

Ɗana, na ji daɗi da ka tambaya kafin ka ɗiba. Mace ta sayi turmi yadi shida da kuɗinta, duk abin da almakashi ya bari nata ne har sai ta yafe. Ragowar da za ta yi ɗankwali, ko hannun riga, ko siket ɗin jaririya, a ninke a sa mata cikin kayanta ko ba ta tambaya ba. Ƙananan da ke zuba ƙarƙashin tebur mutane sun saba yafewa, amma tambayar ba ta da tsada. Lokacin awo ka ce, "Hajiya, 'yan guntayen a haɗo miki ko a bar mana?" Kusan kowa za ta ce a bar muku. Wadda ta ce a haɗo mata kada ka ji haushi, akwai matan da ba sa son ganin zanensu a hannun wani, musamman ankon biki, kuma haƙƙinsu ne.

Izini na biyu na maigidanka ne, tunda keke nasa, zare nasa, man janareta nasa. Kada ka tayar da maganar yanzu da ɗinkin Sallah ya yi muku yawa. Ka tara a buhu, bayan Sallah shago ya yi sanyi ka same shi.

Ƙonawar nan kuwa ku daina, don Allah. Yawancin leshi da yadin zamani roba ne, hayaƙinsa kuke shaƙa ku da maƙwabta. Wanda aka watsa a kwata shi da leda ne ke toshe magudanar ruwa, damina ta zo ruwan da ya kamata ya wuce Jakara ya dawo cikin gidaje. Babu abin da ya kai a zubar: dogayen silli a tsattsaga a ƙulla jikin buhu su zama abin goge ƙafa na bakin ƙofa, mitsi-mitsin kuma a cusa filo. Da za ka sa farashi ka lissafa zare da shafi da lokacinka, kada ka karyar don yadin kyauta ne.

"Anti, muna da walimar saukar Alƙur'ani a Islamiyyarmu bayan Sallah, kuɗin masu kwalliyar haya ya fi ƙarfinmu. Me za mu iya yi da hannu?" Daga wata malama, Kurna.

Malama, Allah ya sa albarka a karatun yaran. Ku yi tutoci. Kowace ɗaliba ta zo da ƙyalle daga gida da izinin mahaifiyarta. A yanka mai kusurwa uku, faɗin inci 7 a sama, tsawon inci 9, biyu-biyu. A haɗa fuska da fuska, a ɗinke gefe biyu, a juya, a tura tsinin da bayan fensir, a goge. Sai a jera su cikin bayas, wato dogon siririn ƙyallen da ake naɗe bakin ɗinki da shi, a bi da ɗinki guda, a bar kamu ɗaya a kowane ƙarshe na ɗauri. Bayas da zare suna nan a kasuwar Ƙofar Wambai, inda kuma za ku sami zanen gado na gwanjo mai arha in yadin baya ya gaza. Allura mai lamba 14 ta isa atamfa, wajen bayas inda ninki ya yi kauri a sa 16.

Idan farin yadin auduga ya taru da yawa, ku ɗaure shi ƙulli-ƙulli da zare ku kai marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, a tsoma muku a baba. Shuɗi da fari tsakanin atamfofi yana kwantar da hayaniyar launi. Ku je da yaran ma su gani da idonsu. Roƙona ɗaya: kada a rubuta aya ko sunan Allah a jikin tutocin, iska na iya yar da su a taka. An gama walima a kwance a ninke, za su sake amfani ranar Mauludi da Takutaha.

"Anti, 'yata mai shekara biyu nake so in ɗinka wa 'yar tsana, amma an ce mini babu kyau." Daga wata uwa, Ɗorayi.

Ƙanwata, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW). Batun fitar da fuska malamai sun yi bayani daban-daban, ki tuntuɓi malaminku. Ni nawa nakan bar fuskar fili, in ɗaura mata ɗankwali da zani. Abin da ya shafi sana'ata shi ne wannan: yarinya mai shekara biyu komai baki take kaiwa, don haka ban da maɓalli, ban da duwatsun leshi, ban da doguwar igiya. Ki cusa da audugar rimi, ki bi bakin da ɗinki sau biyu, ki ja hannu da ƙafa da ƙarfi ki tabbata ba za su cire ba kafin ki ba ta.

Masu tambaya kan keken da ke tsallake ɗinki, ku yi haƙuri, naku sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.