Idan an tsere maka da maki shida

Ɗana, jiya a wasan takobi, da ka cire hular ragar kare fuska, ka tambaye ni abin da ake yi idan abokin karawa ya yi maka nisa a maki. Ka ce hannunka rawa yake kamawa. Na gani. Amma ni ƙafarka na fi kallo. Allo na nuna 9 da 4, sai takunka ya yi tsawo, ka shiga afka masa kamar mai son biyan bashin shekara a rana ɗaya.

Ka nemi karawar Olga Kharlan, 'yar garin Mykolaiv a ƙasar Yukren, da Choi Sebin ta Koriya ta Kudu, wadda suka yi a Olamfik ta Faris a 2024 kan lambar tagulla. An kai 11 da 5, Kharlan ce a baya. Ita ta ci, 15 da 14. In za ka kalla, rabu da takobin, ka zuba wa ƙafafunta ido.

Ga dalili. Filinmu mita 14 ne, amma mita 4 kacal ke tsakaninku idan kun tsaya a layi. Alƙali na ba da umarni, kafin ƙiftawar ido an gama. A irin takobinmu, wato sabar, sara ma maki ne, ba suka kaɗai ba, daga ƙugu zuwa sama. Idan fitilu biyu masu nuna an taɓa ɗan wasa suka kama tare, wanda harinsa ke bisa ƙa'ida shi ake ba. To wanda ke gaba ya riga ya jiyo ƙanshin nasara, yakan yi garaje. Ja da baya taku ɗaya, saransa ya faɗa iska, harin ya dawo hannunka. Sannan ka bi shi da ƙananan taku, kada ƙafar baya ta tsallake ta gaba, don wannan laifi ne a wasanmu. Maki ɗaya ke nan. Ka koma layi ka nemi wani ɗayan.

Ba sa'a Kharlan ta yi ba. A Olamfik ta Bejin, 2008, tana da shekara 17, ta shiga zagayen ƙarshe na wasan ƙungiya Sin na da 40, Yukren 36, ta kai su 45 da 44. Bayan shekara 16, a Faris, ta karɓa suna 37 Koriya 40, aka tashi 45 da 42. Zinariya biyu ke nan. A tsakani kuwa ta sha ɗaci: a Olamfik ta Tokiyo, tana riƙe da kambun duniya har sau huɗu, karawarta ta farko aka fitar da ita. Na faɗa maka ne don kada ka ɗauka akwai wanda ba a kayarwa.

Gobe bayan la'asar ka zo da wuri. Zan ba abokinka 11, kai 5, ku fara daga nan. Duk sanda na ga takunka ya yi tsawo, a sake.