Tsakanin Katsina da Jidda, kilomita nawa ne ta sama?

Tambaya: Malam, mahaifiyata za ta sauke farali bana, kuma tana fama da ciwon gwiwa. Mene ne nisan Katsina zuwa Jidda a jirgin sama, kuma awa nawa za ta yi a zaune? Daga wani mai karatu a Daura.

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya. Daga filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda, idan aka miƙe hanya ba karkata, tazarar ta kusa kilomita 3,500. Wannan hanya tana ratsa sararin samaniyar Chadi da Sudan kafin a tsallake Bahar Maliya, kuma babban jirgi mai gudun kilomita 850 a awa yakan cinye ta cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar, idan aka haɗa da lokacin tashi da sauka.

Sai dai jirgi ba kullum yake samun miƙaƙƙiyar hanya ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, ya zama dole jiragen alhazai su yi zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo.

Agogon Saudiyya kuwa yana gaban namu da awa biyu, shi ya sa wasu alhazai kan yi zaton sun daɗe a sama fiye da yadda suka yi. A ganina, ka nema wa Hajiya kujerar bakin hanya, domin ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa.