Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso tun ranar Talata. Ƙanwarka ta karanta mini shi sau biyu, ita ce ma ke rubuta maka wannan ina faɗa mata. Ka ce malaminku ya sa ka ɗibar ruwan tafki wata-wata, kana duba ƙananan tsirran da ke yawo a cikinsa da madubin ƙara girma. Shi ne kake tambaya ko hanin gidanmu, cewa idan ruwa ya yi kore a ƙarshen bazara ba a shansa, ba a kuma barin raga ta kwana a ciki, yana da tushe ko camfi ne kawai. Da na ji kalmar camfi sai da na yi dariya. Daga baya raina ya ɗan sosu, don na ga alamar kai da abokanka kun gama yanke hukunci kafin ku tambaya.

Ina da shekara goma sha bakwai kawuna ya ɗauke ni daga ƙasar Haɗeja zuwa Baga. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne Tafkin Chadi ba ya cika da damina irin tafkunanmu na gida. Yawancin ruwansa daga kudu yake zuwa ta kogin Shari, tafiya mai nisa, sai ka ga an gama girbi, sanyi ya shigo, sannan tafki ke tumbatsa wajen Disamba da Janairu. A lokacin iskar hunturu na kaɗa shi dare da rana, kuma da yake ba shi da zurfi, sai ta tono laka daga ƙasa, ruwa ya koma kamar koko. Kawu yakan tsoma hannu har gwiwar hannu, in bai ga yatsunsa ba ya ce, “Lafiya lau, rana ba ta samu hanya ba.” Ban gane nufinsa ba sai da bazara ta zo. Iska ta kwanta, ruwa ya ja baya, ya yi ɗumi kamar an ɗora shi a murhu, laka ta zauna. Cikin makonni kaɗan lungunan da babu motsi suka yi kore shar kamar miyar kuka, gansakuka ta taru a gefen da iska ke turawa, mai kauri, da wani wari irin na jiƙaƙƙen bunu. Daga ranar ba mu ƙara shan ruwan ba. Rami muke tonawa a yashi, taku goma daga baki, mu jira ya tsatso.

Fari na 1973 ya raba tafkin gida biyu. Tudu ya fito tun daga wajen Baga har ya nufi gaɓar Chadi, ciyayi suka rufe shi, ruwan Shari ya daina isa arewa yadda ya saba. Mu kuwa muna arewan, wajen Malam Fatori. Kifi ya matsu a ruwa kaɗan, kowa na kamawa kamar hauka, banda ta cika kasuwa. A bazarar 1974 koren ruwan ya wuce duk wanda na taɓa gani. Wata yamma hadarin farko ya haɗo daga gabas. Sauran masunta suka yi ta zuba raga, wai kifi zai motsa. Kawu ya ce mu naɗe tamu, mu ja jirgi kan tudu. Na yi ta ƙunƙuni a ciki, ina lissafin kuɗin da za mu rasa. Iska ta yi ta bugawa har tsakar dare, ruwan sama kaɗan ne ya sauka.

Da asuba, kafin a gane fuskar mutum, na ji wata ƙara a kan ruwa kamar ana taɓa baki dubu. Karfasa ce ta taso, baki a sama, tana haɗiyar iska. Da gari ya waye sai ga fararen cikunan kifi ko'ina, iya ganinka. Na ga giwan ruwa da ya kusa kai ni tsawo yana juyawa a hankali a gefen jirginmu, kunnuwansa a buɗe, har ya daina. Ruwan ya bar kore ya koma baƙi-baƙi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Waɗanda suka bar ragarsu sun jawo ta da nauyin da ba ya da amfani, kifin ya kumbura tun kafin a hura wutar banda. Tarwaɗa da gaiwa ne kaɗai suka ci gaba da harkarsu. Na miƙa hannu zan ɗauki wata karfasa mai sauran motsi, kawu ya riƙe ni. Ba don haramci ba, ai malamanmu ba su ce kifi na yin mushe ba. Cewa ya yi, “Abin da ya kashe mai gida a ɗakinsa ba zai ji kunyar baƙo ba.” Sannan ya ƙara da abin da mahaifinsa ke faɗa masa, ruwa ba ya tsami banza. Shekara ta zagayo, 1975, wurin da muka ga kifin nan ya zama busasshiyar ƙasa, har ana shuka wake da masara.

Bayan shekaru wani ma'aikacin kifi ya zauna da ni a Baga ya ce da rana gansakuka na ba ruwa iskar numfashi, da dare kuma ta shanye ta, in hadari ya birkito ruɓaɓɓiyar laka sai ragowar ma ta ƙare, kuma tarwaɗa da gaiwa na iya shaƙar iskar sama. Ya ce wani nau'in koren yana da dafi, yana kashe dabba in ta sha. Na ji daɗin bayaninsa. Amma kada ka ɗauka kowane kore abokin gaba ne. A ƙasar Kanem, can cikin Chadi, matan Kanembu na kwashe wani kore daga kududdufan kanwa, su shanya a kan yashi ya bushe kamar waina, su kai kasuwa. Dihe suke ce masa, ku kuma spirulina. Na ci shi a miya da tuwon gero, ban ga komai ba sai alheri. Yadda kawu ke bambanta wannan da wancan, da hanci ne da ido, kuma ban tsaya na koya duka ba, shi ne abin da ke ci mini rai har yau.

Ku yaran yanzu kuna zuwa bakin ruwa da rana tsaka, ku cika kwalba, ku hau babur ku tafi, ko sallama ba ku yi wa tsohon da ke gyaran raga a gefe ba. Baga ma da zan ce ka je ka tambaya, tun tashin hankalin 2015 mutanenmu da yawa sun watse. In za ka ɗibi ruwanka a watan Mayu da Yuni, ka je da asuba, ka koma da la'asar, ka rubuta inda iska ta fito. Ka tafi da ruwan shanka daga gida. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata ƙafar ta yi sauƙi.