Zan je wajen yayata a Kanada cikin sanyi, me zan zuba a akwati?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Bizata ta fito zan je wajen yayata a Toronto ƙarshen Disamba, wata guda zan yi, kuma ban taɓa zuwa ƙasar da ƙanƙara ke zuba ba. Kowa sai tsorata ni yake, har na fara tunanin sayen manyan jaket biyu da bargo. Me zan ɗauka, me zan bari?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya kai ki lafiya. Bargon dai ajiye shi, gidajen can akwai hita, cikin ɗaki za ki zauna da doguwar rigarki lafiya lau, sanyin a waje yake. Kuma ba wasa ba ne, a Janairu ma'aunin yakan sauka ƙasa da sifiri, in iska ta taso sai ki ji kamar -20, kunne da yatsu su fara zafi kafin ki ƙarasa bakin titi.

Jaket ɗin nan ki bar wa Yaya, ki tura mata size ɗinki ta aro miki ko ta saya a can, don na can an ɗinka su ne domin irin wannan sanyin, kuma ki ce ta zo miki da ita filin jirgi na Pearson, don daga ƙofar fita zuwa mota ma aiki ne. Ke abin da za ki nema shi ne na ciki, riga da wando masu kama jiki da ake ce wa tamal kamar saiti uku, sai suwaita biyu ko uku, ki riƙa ɗora su ɗaya kan ɗaya, in kin shiga mota ko kanti zafi ya dame ki sai ki cire ɗaya. Kar ki sa na auduga a jikin fata in za ki yi tafiyar ƙasa, yana shan gumi ya jiƙe ya ƙi bushewa, daga nan sanyin ya shige ki, ulu ya fi.

Inda mutane suka fi yin sakaci shi ne ƙananan kaya: safar ƙafa mai kauri, safar hannu, hular da ke rufe kunne, abin naɗe wuya. Sai takalmi, ki nemi but mai ƙasan roba mai zane wanda ruwa ba ya shiga, ya ɗan fi ƙafarki kaɗan saboda safa, don ƙanƙarar da ta narke ta sake daskarewa santsi gare ta kamar sabulu kuma ba a ganinta sosai. Ki sa Vaseline da man leɓe, hita na busar da fata har ta tsage.

Yawancin jirage kilo 23 suke ba kowane akwati amma ki duba tikitinki. Suwaita ɗaya da safa, fasfo, takardar gayyata, adireshi da lambar Yaya a rubuce a takarda, duk su zauna a jakar hannu, saboda akwati yakan makara. Pawa bank ma a hannu yake tafiya, turare ko man da ya wuce mililita 100 kuwa babban akwati za ki sa. In kina shan magani ki ɗauki na wata gudan har da ƙari, a kwalinsa, da takardar likita. Wutarsu bolt 120 ce, bakin soket ɗin daban, ki sayi adafta.

Abu ɗaya da nake roƙonki wallahi kar ki tsallake, inshorar lafiya ta tafiya, don baƙo shi ke biyan kuɗin asibiti a can kuma ba kaɗan ba ne. Duk wani abin ci da kika ɗauko a tsaraba ki bayyana shi wa kwastan, nama kam ki haƙura. Sannan rana tana faɗuwa tun wajen biyar na yamma, in akwai inda kike son Yaya ta kai ki ku fita da hantsi.