Ƙanwata, kada ki ajiye horon nan saboda mutum ɗaya

Assalamu alaikum. Ƙanwata mai tambaya, tun da na karanta saƙonki raina bai kwanta ba. Kin ce kina horon zagayawa da baƙi a gidan tarihi, an tula miki takardu ki haddace, wanda aka haɗa ki da shi ba ya barin ki buɗe baki, a gida kuma ana kiranki mai gadin gumaka, kina neman shawara ki ajiye ko ki daure. Wallahi duk ukun nan na sha su.

Nawa ogan ba zan kama sunansa ba, balle na wurin. Wata rana aka kawo 'yan sakandare, ya ce in tsare masa su zai amsa waya. Muna tsaye gaban kawunan Nok, tsofaffin mutum-mutumin yumɓu, yara suka fara hayaniya, sai na shiga ba su labari. Na ce masu haƙar kuza ne suka fara tono irin waɗannan a 1928 kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna, akwai ma wanda wani ya kai gonarsa ya kafa don korar tsuntsaye, kafin a kai wa Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Na ce kayan nan sun haura shekara 2000. Yara suka yi tsit, har da masu ɗaga hannu. Sai ga shi ya dawo. Bai jira na kai aya ba, ya fizge sandar nuni daga hannuna, ya ce, "Wa ya sa ki? Ke da kika zo jiya?" Yara suka kwashe da dariya. Malaminsu ya sunkuyar da kai. Na koma bayan layi ina haɗiye kuka, kuma dole na bi su har ɗaki na ƙarshe, don ni ce mai rufe ƙofa.

Bai tsaya nan ba. Washegari ya mayar da ni teburin rajista, ina rubuta sunayen masu shiga, na daɗe a wurin. In na gaishe shi, da ka yake amsawa. Abin da ya fi ci mini rai, daga baya da kunnena na ji shi yana ba wasu Turawa labarin gonar nan, yadda na tsara shi tiryan-tiryan, suna ta jinjina masa. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi. Na bar shi da Allah.

Amma ki ji, kada ki tafi. Ko rajistar aka mayar da ke, ki mayar da ita makaranta, nan za ki ji abin da mutane ke faɗa in sun fito, abin da ya burge su da abin da ya gundure su.

Hadda kuwa ki yi don masu gwada ki, amma ba ita ce aikin ba. Ki zaɓi kaya kaɗan a kowane ɗaki ki san su ciki da bai. Yaro ba ruwansa da jerin shekaru. Ki ce masa wani Bafulatani ne yana haƙa rijiya a Dufuna, a jihar Yobe, a 1987, ya ci karo da kwalekwalen da ya kai kimanin shekara 8000, ki ga yadda zai zaro ido. Dattijo kuwa ki taɓo masa 1903, shigar Turawa Kano da shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, sannan ki yi shiru, sau da yawa shi zai ƙara miki abin da kakansa ya faɗa masa. Ki riƙa yawo da ɗan littafi saboda haka. Kuma ki gwada bayaninki da Hausa a gida, da ƙarfi, don rubutun jikin gilashi Turanci ne, masu zuwa kuwa mutanenmu ne.

Maganar gumaka ta fi ciwo, don daga naka take fitowa. Ni gwaggona ce ta daina cin abin hannuna na wani lokaci. Kada ki yi musu da manya. Ki tambayi malamin da kika yarda da shi don zuciyarki ta natsu, sannan ki gayyace su su gani. In kuna kusa da Kano ki kai su Gidan Makama, ginin da ke tsaye tun zamanin Muhammadu Rumfa, su ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da kayan yaƙi. Tarihin kakanninsu ne. Turawa sun kwashe kayan tarihin masarautar Binin a 1897, sai a 2022 Jamus ta fara dawo da nata, mu kuma ga badalar Kano nan da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu muna kallo ana yanka ta ana gina shaguna. In duk mun gudu wa zai faɗa wa yara? Abin nan yana sa ni hawaye.

Na manta, ki nemi takalmi marar tsini, tsayuwar ba wasa ba ce, ki riƙe gorar ruwa, lokacin hunturu murya na dushewa. Kada ki juya wa baƙi baya kina magana da gilashi. In wanda aka haɗa ki da shi ya yarfa ki a gaban mutane, kada ki tanka a wurin, ki rubuta rana da abin da ya faru, ki kai wa shugaban sashe cikin ladabi. Ki yi mini magana ta akwatin sirri, ina da takardun da na tsara da Hausa, zan turo miki. Allah ya dafa miki.